WANDA YA TAYAR DA MATACCEN BABUR BA ƁARAWO BA NE

Duk wanda ya taɓa ratsa Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko ya zauna a rumfar bakanike a ƙauyensu, ya san yadda talaka yake tayar da abin da mai hali ya yar. Babur ya yi karo, kansa ya karye, tanki ya lotse, mai shi ya sallama shi a kuɗin ƙarfe. Wani bawan Allah ya saya, ya nemo inji nan, ya nemo taya can, ya kai wa mai walda, ya kai wa mai fenti, bayan wata biyu ko uku sai ka ji abin ya yi tari ya tashi. Wannan sana'a ce ta halal, muna kuwa yaba wa masu yinta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne abin da ke biyo bayan tashin injin, watau ranar da mai babur zai fita neman takardar da za ta ba shi ikon hawa titin gwamnati.

Kada wani ya ce maganar ƙarama ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin sabon babur ya yi tashin gwauron zabo, har a cikin 2024 irin su Boxer suka haura Naira miliyan ɗaya. A watan Yuli 2024 aka yanke mafi ƙanƙantar albashi Naira 70,000 a wata. To, ku lissafa da kanku. Wata 12 ya ba da Naira 840,000, watau ko ƙaramin ma'aikaci ya shekara bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kuɗinsa ba su kai shi ɗakin sabon babur ba. Balle mai tebur a bakin kasuwa, da mai bin kasuwannin ƙauye da buhun gishiri a bayansa, da manomin da ke kai tumatir tasha tun asuba. Su waɗannan, gyararren babur shi ne jakinsu, shi ne kuma motar asibitinsu ranar da naƙuda ta tashi cikin dare.

ABIN DA DOKA TAKE NEMA

Bari mu fara da faɗin abin da hukuma take so, don kada a ce muna zuga jama'a su ƙi bin doka. Kafin babur ya hau titi, ana bukatar a yi masa rajista a ofishin lasisi na Jiha, a ba shi lamba irin wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take riƙe da lissafinta. Lambar mai hawan kansa da shuɗin rubutu take, ta mai haya kuwa da ja. Sa'an nan akwai takardar lasisin babur da ake sabuntawa kowace shekara, da takardar shaidar mallaka, da takardar ma'aikatan VIO mai nuna cewa lafiyar abin hawan ƙalau. Akwai inshorar da za ta biya wanda ka buge, wadda doka ta tilasta a ƙasar nan tun dokar 1945. Daga 1 ga Janairu 2023 aka yanke kuɗinta ga babur Naira 3,000 a shekara, ran 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka soma tsananta bincikenta a hanya. Shi kansa mahayi ana bukatar ya riƙe lasisin tuƙi mai harafin A. In kuwa babur ya canja hannu, ko an canja masa inji ko launi, wajibi ne a sanar da ofishin da ya yi masa rajista.

Ba mu ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda babur marar birki ya taɓa karya masa ɗa ya san amfanin dubawa, wanda kuma aka taɓa ɗauke masa babur a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa ya san amfanin lamba.

INDA GIZO KE SAƘA

Kowane babur yana da lamba biyu da kamfani ya buga a jikinsa, ɗaya a wuyan firam ƙarƙashin kai, ɗaya a jikin inji, galibi kusa da giya. Su ne sunansa na yanka, su ne kuma ake rubutawa cikin takardu. Mai sabon babur ba shi da wahala, ga rasit na dila, ga lambobi sun dace. Mai na-hannu wanda ba a taɓa ba, shi ma da sauƙi, ga tsofaffin takardu, ga yarjejeniyar ciniki. Amma dubi mutuminmu mai gyararren babur. Firam na wani ne, inji na wani ne dabam. Takardun firam, in ma akwai su, wani inji suke ambata. Sau da yawa ma babu su, gama sun ɓace ranar haɗarin, ko kuwa mai babur ɗin ya rasu a ciki magada suka sayar don kada su riƙa ganinsa. Ɗan gwangwan da ya sayar da injin kuwa bai taɓa rubuta rasit ba tun da uwarsa ta haife shi.

To, wannan mutum ya isa ofis da gaskiyarsa, ya tarar fom ɗin akawu ya san sabo, ya san na-hannu, amma bai san wanda ya mutu aka tayar ba. A ce masa ya kawo rasit, ya ce babu. A ce ya je kotu ya yi rantsuwa, ya je ya dawo, a ce saura rahoton 'yan sanda. Ya tafi caji ofis gabansa na faɗuwa, domin ya san tambayar farko ita ce ina ka samo injin, kuma ana iya riƙe babur da mai shi kafin a gama bincike. Kwana uku ya rufe tebur, bai sayar da ko ashana ba, takarda kuwa ba ta fito ba.

A bakin ƙofa kuwa ga ɗan cuwa-cuwa yana jira a gindin bishiya. Shi ba ya tambayar inda aka samo inji. Kawo kaza, dawo da la'asar. Da la'asar ga takardu har da hatimi, ba wanda ya taɓa birki, ba wanda ya leƙa walda. Wani lokaci lambar ta wani mataccen babur ce aka ɗaura, wani lokaci inshorar ba kamfanin da ya san da ita. Mai babur ya koma gida yana murna, bai sani ba ya biya kuɗinsa ne ya sayi laifi, sai ranar da aka tare shi a hanya, ko ranar da ya buge wani aka nemi kamfanin inshora aka rasa.

Dattawa cikinmu sun tuna watan Janairu 2009, lokacin da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano, ba a tanadi hular ba, ba a kuma kula da tsadarta ba. Me ya faru? Aka ga mutane da ƙoƙon duma a ka an shafa masa fenti, har labarin ya kai gidajen rediyon Turai. Takardar gindin bishiya ita ce ƙoƙon yau. Duk dokar da aka kafa ba a buɗe wa talaka ƙofar binta ba, ƙoƙo za ta haifa.

TSORON HUKUMA YANA DA DALILI

Ba za mu ɓoye wa masu karatunmu gaskiya ba, ko da za ta yi ɗaci. Hanyar da mai gaskiya yake bi ya haɗa babur, ita ce ɓarawo yake bi ya ɓad da sawu. A sace babur da dare, kafin gari ya waye an wargaza shi, inji ya yi gabas, firam ya yi yamma, an goge lamba da giranda an buga wata. Kowa kuma ya san a kan me 'yan bindiga suke shiga ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, gama da babu masu sayen inji ba tambaya, da ɓarayi ba su sami kasuwa ba.

Amma dubi maganin da mahukunta suka saba kawowa. A 2006 aka hana acaɓa cikin birnin Abuja. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana ta a birnin Kano. A 2021 Gwamnatin Katsina ta hana cinikin babura na-hannu a kasuwar Charanchi, cikin dokokin da ta kafa don matsalar tsaro. A Yuni 2022 Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, aka riƙa niƙe baburan da aka kama, da yawansu kuwa na 'yan'uwanmu ne da suka tafi ci-rani. Ba mu zo mu yi gardamar ko wanne yana da hujja a lokacinsa ba. Abin da muke nunawa shi ne, duk sa'ad da hukuma ta kasa bambanta babur ɗin mai gaskiya da na mugu, sai ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro. Abin da zai bambanta su kuwa ba wani abu ba ne illa littafin rajista mai gaskiya, wanda kowane firam da kowane inji yake ciki da sunan mai shi. Gwamnatin da take korar mai gyararren babur daga ofis, ita da kanta take yage shafi daga wannan littafi.

YADDA WASU SUKA YI

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, idan mota ko babur ya lalace har kamfanin inshora ya ga gyaransa bai biya ba, wanda a jihohi da yawa ma'auninsa kashi 75 cikin 100 na darajarsa ne, sai a karɓe takardar mallakarsa a ba da wata mai tambarin cewa wannan rusasshe ne. Da wannan takarda ana iya sayar da shi, amma ba a hawa titi da shi. Wanda ya saya ya gyara sai ya kai shi wurin dubawa, tare da rasit na manyan kayan da ya sa. Mai dubawa ya gwada lambobin da jerin kayan sata. In ya tsallake, sai a ba shi takarda mai cewa gyararre ne, ya yi rajista ya ɗaura lamba. Tambarin nan kuwa yana bin abin hawan, don mai saye na gaba ya san abin da yake saye. Tun 2009 ma aka wajabta wa kamfanonin inshora da masu filin gwangwan su riƙa kai rahoton irin waɗannan ga rajista guda ta ƙasa baki ɗaya.

A Ingila kuwa, tun Oktoba 2017 kashi huɗu suke yi wa abin hawan da ya yi haɗari. Na farko a niƙe shi duka. Na biyu a cire kayan da ke da amfani amma gangar jikin ba za ta koma titi ba. Na uku ƙashin bayansa ya taɓu amma yana gyaruwa. Na huɗu kuwa ɓarnarsa ba ta kai ga ƙashi ba.

Abin ban haushi ma, motocin haɗari da ake saya a gwanjon Amurka suna shigo mana ta Legas da Kwatano, a buga su a fente su, da zarar sun sami takardunmu sai tarihinsu ya ɓace, gama takardunmu ba su da gurbin faɗar wannan. Mai kuɗin da ya shigo da rusasshiyar mota yana da takardar kwastan, ya sami lamba cikin sauƙi. Talakan da ya tayar da babur a rumfar unguwarsu shi ne abin tuhuma. Ina adalci a nan?

ABIN DA MUKE NEMA

Muna kira ga Gwamnatocin Jihohi da Majalisunsu da abu biyar, ba kuwa wanda yake bukatar bashi daga ƙasashen waje.

Na ɗaya, a fito da fom na musamman don gyararren babur, mai gurbin lambar firam da lambar inji da inda aka samo kowanne, a buga shi da Hausa da Turanci.

Na biyu, a haɗa aikin wuri guda, rana guda cikin mako a kowace ƙaramar hukuma. Ɗan sanda ya gwada lambobin da jerin kayan sata, ma'aikacin VIO ya duba lafiyar babur, akawu ya karɓi kuɗi ya ba da rasit. Wanda ya kawo babur da ƙafarsa don a duba, kada a tsare shi sai in lambar ta fito cikin jerin sata, ko an ga alamar an goge ta.

Na uku, dubawar ta zama ta gaske. A Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa ma'aikatan VIO na birnin ba su da ikon tare mota a hanya su kama ta ko su ci tarar direba. Mu darasin da muka ɗauka shi ne, wurin aikin mai dubawa filin dubawa ne. A can ya kamata ya gwada birki gaba da baya, ya duba fitila da taya da sarƙa, ya ga ko firam ya karkace, ya kuma ƙi sa hannu ga duk wuyan da ya taɓa karyewa aka liƙa da walda aka rufe da fenti, domin irin wannan wuya a cikin gudu yake tsinkewa.

Na huɗu, a rubuta kuɗin kowace takarda da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar ofis, a kuma faɗa a rediyo. Inda farashi yake a ɓoye, nan ɗan cuwa-cuwa yake yin ƙiba.

Na biyar, duk babur da hukuma ta yi gwanjonsa, ko 'yan sanda ne ko kwastan ko kotu, ya fita da takardar da ofishin lasisi zai karɓa ba gardama. Abin kunya ne gwamnati ta sayar maka da kaya da hannun dama, ta kama ka da shi da hannun hagu.

GARGAƊI GA 'YAN'UWA

Kafin mahukunta su farka, ku kare kanku, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku sayi firam ko inji sai kun ga lambarsa da idonku. Ku goge wurin da tsumma da ɗan fetur. In kun ga baƙaƙen ba su daidaita ba, ko wurin ya yi santsi ko ya lotsa kamar an kankare, ku bar shi ko da kyauta ne. Ku ɗora farar takarda a kan lambar ku goga fensir ta fito, ko ku ɗauki hotonta da waya. Ku ɗauki hoton babur ɗin yana rusasshe tun kafin bakanike ya sa masa hannu, domin hoton nan shaida ne.

Ku rubuta yarjejeniya, ko da Ajami ne, da sunan mai sayarwa da unguwarsa, da lambobin biyu, da kuɗin da aka biya, da shaidu biyu, in da hali har da mai unguwa ko shugaban kasuwa. In magada ne suka sayar, a rubuta haka, babbansu ya sa hannu. Kowane babban abu kuka saya ku nemi rasit. Dokar Final Kot da aka soma aiki da ita a Arewa a 1960 ba ta tsaya ga ɓarawo kaɗai ba, ta haɗa da wanda ya karɓi kaya alhali yana da dalilin zaton na sata ne, dokokin jihohi na yau kuma ba su sauka daga kan wannan ba. Injin da aka ce ku kawo rabin kuɗinsa, da dare, ba rasit, shi kansa ya isa dalilin zato. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Don gane karkataccen firam, ku tsai da babur a miƙe, ku ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba. In tayoyin ba su bi layi guda ba, ko babur yana janku gefe ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ku koma wurin bakanike tun ba a kai ga asibiti ba. In kun karɓi lamba da inshora kuma, ku sa yaro mai waya ya duba muku su a intanet, gama Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da wurin tantance lamba, kamfanonin inshora su ma suna da nasu. Takardar da ba ta fito a can ba, ƙoƙo ce.

Ku kuma dillalai da shugabannin kasuwar babura, akwai naku. Mun san wasunku ba za su so a rubuta “gyararre” a takarda ba, don zai rage farashi. Lalle zai rage. Amma wanda ya sayar da babur mai karyayyen wuya a matsayin lafiyayye ya yi algus, in kuma ya kashe mai shi, la'adar da aka ci ba za ta wanke hannu ba. Ku buɗe littafi a kowace kasuwa, duk firam da injin da ya shigo a rubuta lambarsa da sunan wanda ya kawo. Kasuwar da take da irin wannan littafi tana da abin nunawa ranar da aka zo da maganar rufe ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu dai ba mu roƙi a yafe wa talaka kuɗin lamba ba, ba mu kuma ce a bar mataccen birki ya hau titi ba. Cewa muka yi ga mutum nan tsaye a ƙofar ofis, da baburinsa da kuɗinsa da shaidunsa, yana so a duba shi a rubuta shi. A buɗe masa. Wakilan da kuka zaɓa kuwa, in sun zo gaisuwa ko neman ƙuri'a, ku tambaye su a gaban jama'a ko sun taɓa kai wannan magana Majalisa, in ba su kai ba, yaushe za su kai. Za mu ci gaba da bin zancen a wannan shafi har mu ga inda ya kwana. Allah ya kiyaye mu sharrin ƙarfe, ya kai kowa gida lafiya.